Zaren da Na Gani a Aliero

Jikokina sun san ba na zama idan aka kunna irin fim ɗin nan na masu shiga jirgin ƙarfe su tafi taurari. Da na ji an fara, sai in ja sandata in koma zaure. Sun ɗauka ƙauyanci ne, ko kuma tsufa ya sa ba na gane kome. To su ci gaba da ɗauka. Na riga iyayensu ganin irinsa, tun Nasara bai daɗe da zama a ƙasarmu ba, tun motocin da ke shiga Jega a mako ba su cika yatsun hannu ɗaya ba. Sau ɗaya na kalla, a Aliero, ina da shekara ashirin ko kusa da haka. A wurin kallon nan na yi wa mahaifina ɓarnar da har ya koma ga Allah ban iya gyarawa ba.

Mu mutanen Giwa Tazo ne, ta wajen Maiyama. Baba manomi ne kamar kowa, gero da dawa da 'yar auduga a bayan gari. Abin da ya raba shi da sauran mutane idonsa ne, don shi ne mai duban watan garinmu. Duk ran ashirin da tara ga wata, da an yi la'asar sai ya shiga ɗaki, a saki asabari, ya zauna a duhu. Ba ya kallon rana, ba ya zuwa kusa da hayaƙi. Yakan ce ido ma sai an bar shi ya kwanta, kamar ruwan da aka ɗebo daga gulbi. Rana na faɗuwa sai ya fito ya hau tudun tsohuwar marina da ke yamma da gari. In jinjirin wata ya tsaya, ko da sirantarsa ba ta kai ta ɗan farcen da aka yanke ba, Baba zai gan shi. Ya nuna da yatsa, mutane su yi ta lalube a sama har wani ya yi kabbara. Da ganinsa muke ɗaukar azumi, da ganinsa muke saukewa.

Ya koya mini tun ina ƙarami. Yakan dafa kafaɗata a kan tudun ya ce, “Kada ka kalle shi kai tsaye. Aje idonka ɗan gehe da inda kaka zato, ka bar shi ya shigo da kainai.” Haka ne kuwa. Abin da ya yi siriri ƙwarai, tsakiyar ido ba ta kama shi, gefe ke kamawa. Na iya, har Baba ya fara cewa na kusa fin shi. Abin ya zama mini jiki, kome na zo dubawa sai in ga idona ya zame gefe da kansa.

Sai dai shaidar wata ba a karɓarta daga bakin mutum ɗaya, sai biyu, manya, waɗanda aka yarda da su. Shekaru da yawa na biyun Baba wani Bafillace ne da ke kafa rugarsa kusa da mu kowane rani. Da ya kora shanunsa kudu bai ƙara dawowa ba, ni ya kamata in tsaya a gurbinsa. Ina! Na riga na sami jaki, na ɗanɗana kasuwar Jega. Ina sayen fatun awaki a ƙauyuka ina kaiwa, ina dawowa da labarai fiye da kaya. A daren da za a duba watan ƙaramar salla na shekarar da ta gabaci tafiyarmu Aliero, ina Jega ina cin tsire.

Baba ya hau tudu ba ni. A lokacin yanar ido ta fara rufe masa na hagu, na daman ma ya fara hazo. Ya tsaya, ya tsaya, sannan ya ɗaga yatsa ya ce ga shi can. Mutane suka duba har wuyansu ya gaji, babu wanda ya gani. Liman mutumin kirki ne, ya ja shi gefe ya ce, “Malam, ba mu ƙaryata ka ba, amma ka san ƙa'ida. Mu cika talatin.” Aka cika. Baba ya wayi gari da azumi tare da kowa. Da na dawo bai tambaye ni inda na tsaya ba. Amma mata a bakin rijiya sun fara cewa idon tsoho ya tafi, abin da zuciyarsa ke so shi yake gani. Maganar ta iso gidanmu, ai ƙauye ne.

Daga nan sai ya zama yana zaune yana tufka igiya, ba wanda ya yi masa magana, sai ka ji ya ce, “Na gan shi. Ƙahonai na dama ya hi na hagu tsawo.” Gonar ni nake nome masa rabinta, ƙarfinsa ya ja baya, haƙoransa sun zube. Abu ɗaya ya rage masa wanda yake tashi da shi kowace safiya, shi ne ya yarda da idonsa. Kuma kowane ashirin da tara yana hawa tudun, ko da mutum uku ne suka bi shi.

Wata ranar kasuwa a Jega, ina ɗaure fatu a rumfar wani mahauci da nake hulɗa da shi, sai ya ce mini ya ga abin mamaki. Wani Kwara, irin fararen fataken nan masu kanti, ya zo da majigi a bayan motarsa. Yana haska hoto mai motsi a jikin farin ƙyalle kyauta, don manoma su san hanyar ma'auninsa. Mahaucin ya ce, “Nasara ukku sunka shiga wani rumbu na ƙarhe, ya tashi da su, sunka sauka bisa wata, sunka yi yawo. Da idona na gani.” Iyakar abin da ya faɗa ke nan. Wani ya zo sayen hanta, ya juya ya bar ni da igiya a hannu.

Tsakanin Jega da Giwa Tazo tafiya ce mai tsawo ga mutum da jakinsa, ba abokin hira. Kafin in ƙetare gulbi na riga na zuba wa wata yashi fari fat. Kafin in kai Maiyama na haƙa masa gulabe, ba na ruwa ba, na haske, suna gudu a hankali tsakanin duwatsu. Na dasa masa itatuwan da ba su da inuwa. Na gina masa ganuwa mai ƙofa goma sha biyu, kowace ƙofa ta wata guda. Da na shiga gida, wallahi ni kaina ban ƙara sanin inda maganar mahauci ta ƙare tawa ta fara ba.

Na zauna gaban Baba na zuba masa duka. Ba zan wanke kaina ba. Akwai son in faranta masa, gaskiya ne, amma akwai kuma daɗin da nake ji idan ana saurarona baki buɗe. Ya ajiye igiyar. Tun faruwar abin nan ban ga fuskarsa ta saki haka ba.

Sai tambayoyi suka fara, kullum da tasa. Wannan baƙin tabo da ke jikin wata idan ya cika, mene ne? Na ce inuwar wani babban dutse ce. Kwana biyun da yake ɓuya, ina yake shiga? Na ce yana juya mana baya ne, gulaben su koma ɗaya gefen. Shi kuwa cikon jikinsa da ake gani dishi-dishi a rungume cikin jinjiri, wanda Baba ya daɗe yana faɗa mutane suna murmushi? Na ce ai hasken gulaben ne ke tasowa daga ƙasa. Ya buga cinya ya ce, “Ka ji ko! Na hwaɗa musu.” Ko sau ɗaya ban ce ban sani ba. Tir da bakina.

Ga inda muka yi kuskuren, ni da shi. Baba ya taɓa ganin hoton hakimi rataye a zauren Maiyama, har tabon da ke kuncinsa ya fito, bai ragu ba bai ƙaru ba. Tun daga ranar ya yanke cewa na'ura ba ta ƙarya, tun da ba ta da zuciya ballantana son rai. Abin da ke gabanta shi take ɗauka. Ba mu taɓa kawowa a rai cewa mutum zai ɓata lokacinsa ya shirya ƙarya da hannunsa, ya ajiye ta gaban na'ura ta ɗauka ba. Mu abin da muka sani, abu ko dai shaida ne ko tatsuniya, kuma ita tatsuniya da baki ake yinta, mai yinta ma yakan faɗa tun farko. Saboda haka Baba ya ɗauki majigi a matsayin adalin mutum. Ya ce, “In na gan shi kusa, ya zo daidai da abin da nika gani daga tudu, to na samu na biyu.” Liman ya ji labari ya yi dariya ya ce wasan Nasara ne. Baba ya ce ko Nasara ne, wanda ya je kusa ya fi shi gani.

A cikin Rajab muka tashi, rani ya yi nisa. Na ɗora shi a kan jaki. Ya naɗa rawaninsa ya jawo gefe ɗaya ya rufe idanunsa ruf, yadda yake yi kafin duban wata, sai dai wannan karon na kwana biyu ne. Ya ce ba zai ɓarnatar da su a kan hanya ba. Ina jan jaki yana ba ni labarin watannin da ya gani tun yana saurayi, wanda ya tsaya a karkace, wanda ya tsaya ja kamar an shafa masa lalle. Har waƙar noma ya yi a tsakiyar gulbi, ruwa iya gwiwata. Ban taɓa jin ya yi waƙa ba kafin ranar, ban kuma ƙara ji ba bayanta.

Muka isa Jega aka ce Kwara ya tafi Aliero awon albasa, majigin na cikin motarsa. Na dubi Baba, na ga ƙafafunsa sun kumbura. Na ce mu koma. Ya ce, “Kai ka koma in ka gaji, bar mini jakin.” Muka kwana a zauren mahauci. Na yi ta addu'a kada Baba ya tambaye shi gulabe, Allah ya sa mutumin ya tashi tun asuba zuwa yanka. Ka ga ke nan a can ƙasan zuciyata na san abin da na yi.

Mun shiga Aliero da la'asar, gari duk warin albasa, an jibge ta tsibi-tsibi a ƙarƙashin rumfunan kara. Baba ya sa na saya masa kwalli, ya zizara ba tare da ya buɗe ido sosai ba. Bayan magariba aka ɗaure farin ƙyalle tsakanin gungume biyu a filin kasuwa, aka tada injin mota, mutane suka cika wurin. Na kutsa da Baba har gaba. Kusa da mu wata dattijuwa mai sayar da albasa ta shimfiɗa zanenta. Ta ce daga Kimba take, ta ji an ce za a yi wasa, ita ta ɗauka makaɗa ne. Ba ta ma san akwai maganar wata ba.

Aka fara da wani hoto na yadda ake shanya fata. Baba bai buɗe ido ba. Sai malamin Kwara, wanda ke tsaye gefe yana fassara da ƙarfi tun da hoton ba ya magana, ya ce yanzu za a tafi wata. Nan Baba ya sa hannu biyu ya ɗage rawaninsa.

Abu na farko da ya buge ni shi ne ƙanƙanta. Duk watan nawa, da ganuwarsa da ƙofofinsa, ga shi an ce zai shiga ƙyallen da bai fi zane huɗu ba. Kome toka-toka ne, ga wasu layuka suna ta zubowa a kai saboda tsufan hoton. Wasu Nasara uku masu gashin baki suka yi ta nuna sama, suka yi ta girgiza wa juna hannu, suka shiga rumbun ƙarfen. Hayaƙi ya tashi. Rumbun ya ɗaga yana tangaɗi. Fili ya ɗauki ihu, mai albasa ta dafe ƙirji tana cewa, “Wayyo ni! Za su hwaɗo! Ku riƙe su!”

Ni kuwa idona ya yi abin da aka koya masa. Ban sa shi ba, ya zame gefe da kansa. Sai ga shi nan, daga kan rumbun zuwa saman ƙyalle, siriri, yana ɗan ƙyalli idan abin ya juya. Zare ne. Na ƙara dubawa na ga na biyu. Na tabbata a filin nan kaf babu wanda ya gan su sai ni.

Daga nan kome ya warware mini. Taurarin huji ne a jikin baƙin ƙyalle, da fitila a baya, har wani hujin ya fi sauran faɗi inda ya yage. Da suka sauka suka kifa wasu tukwane a kansu suna tsalle. Ɗayansu ya jingina da wani dutse, dutsen ya motsa. Mutanen wata suka fito da kawuna manya-manya da hannuwa har gwiwa, na dubi ƙafar ɗaya na ga takalmi irin na malamin Kwara. Babu gulbi, babu yashi, babu itace ko ɗaya. Kunya ta rufe ni, sannan fushi ya biyo ta. Na jawo tsoho kwana biyu ƙafa a kumbure, na cika Giwa Tazo da surutu, ashe a kan abin da aka rataya da zare. Na ji kamar ni kaɗai aka shirya wa wannan cin mutunci, daga can ƙasar Nasara.

Sai na ji Baba ya kama wuyan hannuna. Na juya. Ya miƙa wuya gaba, hawaye sun wanke kwallin sun gangaro cikin gemunsa. Yanzu na san abin da ke isa idonsa bai wuce wani farin haske mai motsi ba, da layukan nan masu zubowa. A lokacin ban tsaya na yi wannan tunani ba.

Ya ce, “Ga shi nan. Ina ganinai. Hwari tas, kamar yadda ka ce.” Ya ƙara matse hannuna. “Wanga da ke gangarowa ta dama, shi na gulbin ko? Ina ganin yana gudu. Gaya mini, mi kaka gani?”

Da na ce e, shi ke nan. Kalma ɗaya. Na yi wata guda ina yi masa ƙarya ba tare da na ji nauyinta ba, sai a daidai lokacin da ƙarya guda za ta yi amfani gaskiya ta taso mini. Ita ma ba gaskiya ce ta tsoron Allah ba, haushin kaina nake ji, na rasa inda zan sauke shi.

Na ce da ƙarfi, har na kusa suka juyo, “Babu gulbi, Baba. Babu kome. Da zare anka rataya shi.”

Ya juyo da kansa wajena. Sannan ya ce, “Ka ga zaren?”

“Na gani.”

“Ta gehen ido?”

“Ta gehen ido.”

Ya saki hannuna a hankali. Ya ce, “To in ka gani, akwai shi.” Ya ci gaba da fuskantar ƙyallen na ɗan lokaci. Sannan ya yi magana ƙasa-ƙasa, ba da ni yake ba. “Ni ko gulbi nika gani. Sarai na gan shi.” Ya goge gemunsa. “Ashe bara ma haka ta kasance.”

Sai a nan na gane abin da na taɓa. Na buɗe baki in ce a'a, wancan daban wannan daban, amma mai albasa ta riga ni. Ta bugi kafaɗata da bayan hannu ta ce, “Kai ɗan nan, wa ya tambaye ka? Mu ma mun san ba a zuwa wata. Bar mu mu yi kallonmu!” Ta koma tana ƙyalƙyala dariya, don ɗaya daga cikin masu manyan kawunan ya kori Banasare ya faɗi. Ita ba ta zo da kome a kanta ba, duk abin da aka ba ta riba ce. Har yau ina jin dariyarta, kuma har yau ina jin haushinta, ko da yake ba ta yi mini laifin kome ba. Baba ya jawo rawani ya rufe fuskarsa. Hoton ya ƙare yana haka, aka kira isha.

Da safe muka kama hanya. Bai rufe idonsa ba. Ya bar su a buɗe cikin rana tsaka, yana kallon wuyan jaki. Na ce ya sauke rawanin, ya ce a bar shi. Sai da muka bar Jega a baya ya ce in maimaita masa abin da mahauci ya faɗa, kalma da kalma. Na maimaita. Bai kai numfashi biyu ba ya ƙare.

Ya ce, “Sauran?”

Na ce, “Ni na ƙara.”

Ya ce, “To.”

Da ya zage ni, ko ya ɗaga sanda, da na sami sauƙi. Bai yi ba. A gida mutane suka taru a ƙofa jin labarin gulaben haske, ya wuce su ya shiga ciki. Ni na tsaya na faɗa musu cewa babu. Aka yi dariya, wani ya raɗa mini sunan da ba zan rubuta ba, ya bi ni shekaru.

Ran ashirin da tara ga Sha'aban, la'asar ta yi, Baba na zaune a tsakar gida kusa da murhu, hayaƙi na shiga idonsa. Na ce in saki asabari? Ya ce a'a. Rana ta faɗi. Na durƙusa gabansa na ce ya zo mu hau, ga ni yau, ba inda za ni. Ya ce, “Ido mai ganin gulbi inda babu gulbi, ba a ɗora mai azumin jama'a. Tahi kai.”

Na hau ni kaɗai, da wasu mutum biyar da suka biyo don al'ada. Na ajiye idona ɗan gefe, na bar shi ya shigo. Ya shigo kuwa, siriri, a saman wata kuka. Na nuna, ba wanda ya gani. Liman ya dube ni, ya dubi ƙasa. Bai ma ce ba mu ƙaryata ka ba. Wa zai ɗauki azumi a kan bakin mai gulaben haske? Aka cika talatin.

Bayan babbar salla na haɗu da wani makiyayi a mashayar dabbobi kusa da Gehuru. Muna hira maganar wata ta taso. Ya ce ai ƙaramar sallar da ta gabaci ta bana su sun riga mutanen gari da kwana ɗaya, don a rugarsu mutum huɗu suka ga jinjiri ran ashirin da tara. Na tambaye shi yadda ya tsaya. Ya ɗaga yatsu biyu ya lanƙwasa, ya ce ƙahon dama ya ɗan fi tsawo. Na bar fatun da na zo saye, na hau jakin da ban saba hawa ba, na yi ta dukansa har gida.

Na tarar da Baba a zaure, ya ba yamma baya, yana tufka igiya da lalube. Na faɗi gabansa ina haki. Na ce ya gani, wallahi ya gani, mutum huɗu sun gani tare da shi, har ƙahon. Na ce zan koma in nemo makiyayin in kawo shi gaban liman. Ina magana ina kuka, ƙato da ni.

Ya bari na gama. Ya laluba ya dafa kaina, ya shafa, yadda ake yi wa wanda ya yi ƙoƙari.

Ya ce, “Allah shi yi maka albarka. Wanga kuma nawa ka ƙara?”

Na koma Gehuru washegari, rugar ta tashi. Baba ya ƙara damina huɗu a duniya, bai sake hawa tudun marina ba.